In Mai Gida Ya Yi Mura, Ina Labarin Kyanwarsa?

 Yau muna so mu ɗauko wata magana wadda kunnuwanmu ba su saba da ita ba, amma ta shafi kowane gida da ke da kyanwa a rumbu, ko kare a ƙofa, ko tumaki a turke.

Kowa ya san dabba takan ba mutum cuta. Ko yaro ƙarami ya san in mahaukacin kare ya ciji mutum, ba a kwana sai an kai shi asibiti. Masu kiwon kaji kuwa ba su manta da shekarar 2006 ba, sa'ad da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji cikin watan Fabrairu, ta shigo gonakin Kano, aka yi ta gargaɗin jama'a kada su taɓa mushen kaza. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, shin mutum shi ma yakan ba dabba cuta? Likitoci sun ce lalle yakan ba ta, sun kuma kawo hujjoji waɗanda ba su da ja. Ashe hanyar cuta kamar hanyar fatauci take, wanda ya kai kaya yakan komo da kaya.

Inda Maganar Ta Taso

A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidaje da aka gina musamman domin tara karnuka da kyanwoyi waɗanda ba su da mai su, watau waɗanda suka ɓata, ko aka yar da su, ko mai su ya mutu ko ya kwanta asibiti. Ana ciyar da su, ana yi musu magani, har a sami wanda zai ɗauka ya riƙe. Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa yana birnin Landan, an kafa shi a 1860, shi ne ake kira gidan Battersea. Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce su kaɗai. Masu tarihin Masar sun ambata cewa Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da gida.

Da annobar korona ta zo a 2020, sai hankalin masu kula da waɗannan gidaje ya tashi. Ga mutane suna kwanciya asibiti, wasu suna rasuwa, ana kwaso dabbobinsu daga ɗakin da majiyyaci ya yi jinya ana kawo musu. Ga kuma ma'aikata da masu ziyara suna shiga suna fita. Tambayarsu ita ce, in dabba guda ta shigo da cutar mai ita, ko ma'aikaci guda ya yi tari cikin ɗakin da aka tara kyanwa hamsin, me zai biyo baya?

Mai karatu zai ce, to, mu ina ruwanmu, tun da ba mu da irin wannan gida a Falgore ko a Rogo? Gaskiya ne ba mu da shi da sunansa, amma muna da shi da siffarsa. Abin da ya sa gidan ajiyar dabbobi ya zama abin tsoro abu uku ne: dabbobi daga gidaje dabam-dabam, a wuri matsattse, hannuwa da yawa suna taɓa su. To, ku dubi kara ranar kasuwa. Ku dubi kejin mai kaji, da bayan motar da aka cusa awaki za a kai birni, da turken mai kiwon ragunan Layya. Ku dubi ɗakunan ajiyar hatsi a Dawanau inda kyanwoyi ke farauta tsakanin buhuna, da zauren makarantar allo inda almajirai ke kwana a cushe lokacin sanyi, kyanwa tana ratsawa tsakaninsu tana neman ɗumi. Siffar guda ce.

Yadda Cutar Ke Tsallakawa

Cututtukan da muke magana a kansu su ne waɗanda likitoci ke kiran ƙwayarsu bairas, kamar mura, da ƙyanda, da shan-inna, da korona. Wannan ƙwaya ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta, kuma ba ta iya hayayyafa sai ta shiga jikin mai rai. Jikin mutum da na dabba kuwa an gina shi ne da 'yan ɗakuna ƙanana waɗanda ba su ƙidayuwa, kowane ɗaki da ƙofarsa, kowace ƙofa da kwaɗonta. Ita ƙwayar tana ɗauke da mabuɗi. In mabuɗin ya dace da kwaɗon, sai ta shiga, ta mai da ɗakin nata, ta yi ta haihuwa har ta cika shi, ta fito ta nemi na gaba. In bai dace ba, sai ta tsaya a waje har ta lalace.

Wannan shi ya sa ba kowace cuta ke tsallakawa ba. Ƙyandar yaro ba ta kama akuya, shan-inna ba ta kama kare, ƙanjamau ba ta kama kyanwa. 'Yar murar nan ta majina da mukan yi da hunturu ma ba ta kama kare ko kyanwa, kuma atishawar da kukan ji kyanwa tana yi, galibi murarsu ce ta kyanwoyi. Amma akwai biyu da suka fita dabam. Ta farko ita ce babbar mura, mai kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ta biyu ita ce korona, domin kwaɗon da take buɗewa a jikin mutum yana kama ƙwarai da na jikin kyanwa da danginta, watau zaki da damisa.

A watan Afrilu na 2020 masu bincike a birnin Harbin na ƙasar Sin suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi. Suka ga kyanwa tana kamuwa da korona da sauƙi, har tana ba 'yar'uwarta ta numfashi. Kare yana kamuwa, amma kaɗan. Alade da kaza da agwagwa ba su kamu ba. Gwajin da aka yi a Jamus daga baya ya nuna da wuya shanu su kamu. Saboda haka mai fataucin kaji da mai fataucin shanu su kwantar da hankalinsu a kan korona, amma kada su rufe jaridar tukuna, akwai tasu a gaba.

Dabbar da ta fi kowace shiga hatsari kuwa ita ce biri, domin jikinsa ya fi kusa da namu. Ƙyanda takan kama biran da ke hannun mutane. A dajin Kibale na ƙasar Yuganda, a 2013, 'yar murar majina ta mutane, wadda mu ko kwanciya ba ta sa mu, ta kashe manyan birai biyar irin waɗanda ake kira cimfanzi. A Ruwanda kuma, a 2009, wata cutar numfashi ta mutane ta shiga garken goggon birin dutse, biyu suka mutu.

Abin Da Tarihi Ya Nuna

Kakanninmu sun bar mana labarin marisuwa, babbar murar da ta shigo ta Ikko cikin watan Satumba na 1918, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. A wannan shekara ce wani malamin dabbobi a jihar Ayowa ta Amurka ya lura aladu suna tari da zazzaɓi irin na mutane, a gonakin da masu su suka kwanta. Annobar ta wuce a cikin mutane, amma ƙwayar ta sami masauki a cikin aladu, ta zauna shekara da shekaru tana sake kama. A 2009, bayan shekara 91, jikanyarta ta haɗu da waɗansu ƙwayoyi aka sami sabuwar mura, ita ce aka kira murar aladu, ta fito daga Meziko ta zaga duniya. Kayan da aka kai tun zamanin kakanni, jikoki aka kawo wa sakamakonsa.

Ita ma murar 2009 ba ta tsaya a mutane ba. A watan Mayu aka same ta cikin aladun wata gona a Kanada. A watan Nuwamba aka same ta a jikin wata kyanwa a Ayowa, bayan mutanen gidan sun yi jinya. A nan Nijeriya ma, likitocin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom sun sami wannan ƙwaya ta mutane a jikin aladun da ake kiwo a Ikko.

Sa'an nan korona ta zo. A ƙarshen watan Fabrairu na 2020 aka sami alamarta a jikin wani tsohon kare a Hong Kong, wanda mai shi ke jinya. A watan Maris aka sami kyanwa a Beljiyam. A watan Afrilu, a gidan namun daji na Bronx da ke birnin New York, wata damisar Asiya mai suna Nadiya ta fara tari, aka gwada aka ga korona ce, daga baya waɗansu damisoshi da zakuna suka biyo. Daga wajen masu kula da su suka samu, tun ba a san suna ɗauke da ita ba. Waɗannan damisoshi da zakuna duk sun warke. Amma a Indiya, a gidan namun daji na birnin Chennai, zakuna biyu sun mutu a watan Yuni na 2021.

Abin Da Aka Gani A Gidajen Ajiya

To, ina labarin gidajen ajiyar da aka ji wa tsoro? A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ta rage wa magana zafi. Abin da aka ji tsoro bai auku da korona ba. A ƙasar Holan an ɗebi jinin kyanwa 240 na gidajen ajiya, biyu tak aka samu da alamar sun taɓa kamuwa. A Kanada masu bincike na jami'ar Guelph suka gwada dabbobin gidajen da aka yi jinya da na gidajen ajiya, suka ga na gidajen jinya sun fi kamuwa nesa ba kusa ba, kuma kyanwar da ke kwana a shimfiɗar mai ita ta fi kowace. Ma'anar wannan a fili take: ba mai wucewa ke ba dabba cuta ba, sai wanda ke kwana da tashi tare da ita. Mai ƙaunarta shi ne mai cutar da ita, ba da saninsa ba.

Amma kada wannan ya sa a yi sakaci, domin an ga abin da cunkoso ke yi in ƙwaya ta dace da shi. A ƙarshen 2016 wata murar tsuntsaye ta shiga gidajen ajiyar kyanwoyi na birnin New York. Cikin 'yan makonni ta bi ɗaki-ɗaki, har sai da aka killace kyanwoyi ɗaruruwa a wani wuri na dabam, kuma likitan dabbobi guda da ke kula da su ya kamu, ya warke. Wannan ba daga mutum ta fito ba, amma ta nuna yadda wuri matsattse ke mai da tartsatsi gobara.

Inda cutar mutum ta gamu da cunkoso kuwa, an ga abin da ba a taɓa zato ba. A Turai ana kiwon wata 'yar dabba mai suna minki, mai kama da tunku, domin fatarta da ake ɗinka rigunan sanyi masu tsada. Ana jera su dubbai a cikin keji, keji na jikin keji. A watan Afrilu na 2020 ma'aikata suka kai musu korona a Holan. Ta bazu cikinsu, ta sake kama, ta komo jikin mutane. A Danmak abin ya kai ga ran 4 ga watan Nuwamba firayim minista Mette Frederiksen ta ba da umarni a kashe dukan minkin ƙasar, kimanin miliyan 17. Sana'ar da ƙasar ta fi kowa a duniya ta rushe cikin 'yan makonni. Fatake su yi tunani a kan wannan: tarin ma'aikaci ne mafarin asarar.

Dalilin sake kamar nan shi ne, duk sa'ad da ƙwaya ta haihu, akan sami ɗan kuskure, kamar yadda mai kwafar littafi da hannu yakan tsallake ɗigo ko ya ƙara wasali. Kwafi ɗaya ko biyu ba kome. Amma in dubban hannuwa suna kwafa daga juna dare da rana, ba mai dubawa, wata rana sai a wayi gari da littafin da ya saɓa wa asali. Haka ƙwaya ke yi a cikin garke mai yawa, har ta fito da siffar da jikin mutum bai santa ba.

Komowa daga kyanwa ko kare zuwa mutum abu ne mai wuyar aukuwa, amma ya taɓa faruwa. A watan Agusta na 2021, a kudancin ƙasar Tailan, wani uba da ɗansa suka kwanta da korona, aka kai kyanwarsu a gwada. Ana cikin ɗibar majinarta sai ta yi wa likitar atishawa a fuska, ita kuwa ta rufe hanci da baki amma ba ta rufe ido ba. Bayan 'yan kwanaki likitar ta kwanta, aka duba aka ga ƙwayar iri ɗaya ce da ta kyanwar da ta masu ita.

Kuskuren Firgita

Akwai wata cuta da ta fi ƙwayar saurin yaɗuwa, ita ce firgita. A 2009, da aka ji sunan murar aladu, hukumar Masar ta sa aka yanka aladun ƙasar, kimanin dubu 300, alhali ba a sami cutar a jikinsu ba, tsakanin mutane take yawo. Murar ba ta fasa shiga Masar ba. Abin da aka samu shi ne shara ta taru a titunan Alƙahira, domin aladun ne ke cinye ragowar abincin da masu kwasar shara ke tarawa. A Hong Kong kuma, a watan Janairu na 2022, an kashe ɓerayen ado kimanin 2,000 bayan korona ta ɓulla a wani kantin sayar da su. A farkon annobar ma an ji labarin mutane a ƙasashe da dama suna yar da kyanwoyinsu da karnukansu a titi.

Ku auna wannan da halinmu. A ce jita-jita ta zaga Falgore cewa kyanwa na kawo cuta, kowa ya kori tasa. Wa zai tsare rumbun dawa da masara daga ɓera? Ɓera kuwa, ban da ɓarnar hatsi, wani irinsa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda ke kashe mutane a ƙasar nan kowace rani. An gudu daga yayyafi an faɗa kogi. Haka nan kare da aka kora ba ya ɓacewa, yakan shiga cikin karnukan juji, inda ba mai yi masa allurar hauka. Ciwon haukan kare kuwa yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Wanda ya kori karensa don tsoron korona ya sayi babban hatsari da ƙaramin.

Mu Nan Gida

Korona ba labarin nesa ba ne a gare mu. Ran 11 ga watan Afrilu na 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Kano, sa'an nan aka shiga makonnin nan da maƙabartu suka cika, aka rasa malamai da dattawa da yawa. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mamata 979, kuma daga rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari ana danganta mutuwarsu da cutar. A kwanakin nan gwajin mutane ma ya yi wuya, balle a tuna da kyanwar da ke kwance gefen majiyyaci.

A kudancin ƙasar nan an yi ɗan bincike. Masana na jami'ar Redeemer's da ke Ede sun bayyana a 2023 cewa sun sami alamar korona a jikin dabbobin gida a waɗansu jihohin kudu, amma waɗanda jininsu ya nuna sun yi faɗa da cutar kaɗan ne ƙwarai. Bambancin nan abin lura ne. Samun ƙura a rigar mutum ba ya nuna ya yi noma. Dabbar da ke zaune cikin mutane takan shaƙi abin da suka fitar, ya maƙale a hancinta, ba lalle ya shiga jikinta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ran 5 ga watan Mayu na 2023, amma ƙwayar ba ta bar duniya ba, babbar mura kuma tana komowa kowace shekara. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda tun watan Maris na 2024 ta shiga shanun madara a Amurka, abin da ba a taɓa gani ba, har kyanwoyin da suka sha ɗanyen nonon shanun suka mutu. A jihar Mishigan an sami kyanwoyin da ba su fita daga ɗaki sun kamu, a gidajen mutanen da ke aikin madara. Wannan ya kawo mu ga maganar da muka ce masu kaji da shanu su jira. Mutum yakan kai wa dabba cuta ko da shi bai kamu ba, a tafin takalminsa, da rigarsa, da hannunsa, da kejinsa, da tayar motarsa. Ƙasar Rogo tana iyaka da ƙasar Katsina da ta Zazzau, ɗan kasuwa guda yakan ci kasuwa uku ko huɗu a mako. Takalmin da ya taka kashin kaji a wata kasuwa da hantsi, shi ne zai shiga akurkin gida da magariba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Maganin wannan al'amari ba ya bukatar kuɗi, sai kula.

Na ɗaya, wanda zazzaɓi da tari suka kwantar, ya nisanci dabbobinsa kamar yadda zai nisanci jariri. Kada kyanwa ta kwana a shimfiɗarsa, kada ta lashi kwanonsa, kada a zuba wa kare ragowar abincinsa. Wani a gidan ya ɗauki ciyarwar har ya warke. In ba kowa sai shi, ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa su da bayan ya taɓa.

Na biyu, dabbar da aka sayo ko aka karɓo daga wani gida, a ɗaure ta gefe guda kafin a haɗa ta da na gida. A 2020 shawarar da aka ba gidajen ajiya a Amurka ita ce su keɓe dabbar da ta fito daga gidan jinya kwana 14. Fulani sun san wannan hikima tun kafin a rubuta ta.

Na uku, ɗan kasuwa ya ware takalmin kasuwa da na gida, ya wanke keji da bayan mota bayan kowace tafiya, ya kuma rage cusa dabbobi. Ribar da ake samu wajen ƙara akuya biyar a mota, ciwo guda yakan cinye ta har da uwar kuɗi.

Na huɗu, kada a ba dabba maganin mutum. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya guda takan kashe ta. Kafso ba ya kashe bairas. Kada a ɗaura wa dabba takunkumin hanci, kada a wanke ta da ruwan bilic ko kananzir. In ta daina ci, ko numfashinta ya yi nauyi, a nemi malamin dabbobi, a kuma gaya masa in an yi jinya a gidan.

Na biyar, masu kai iyali gidan namun daji na Audu Bako a Kano lokacin Salla, su hana yara jefa wa birai abin da suka gutsura, mai mura kuma ya haƙura sai wata shekara. Haka masu yawo da biri a kasuwa su san cewa tarin 'yan kallo yana iya kashe musu jari.

Ga hukuma kuwa, roƙonmu shi ne malamin asibiti da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma su riƙa jin labarin juna. In mura ta kwantar da unguwa, a tambayi halin dabbobinta. In kaji ko kyanwoyi suna mutuwa a ƙauye, a tambayi halin mutanensa. Dagatai da masu unguwanni su ne idon da zai fara gani.

Kalma ta ƙarshe ga malamai, domin ku jama'a ke tambaya kafin su tambayi likita. Kun fi mu sanin hanin da aka yi wa mai raƙuma marasa lafiya kada ya gwama su da masu lafiya, kun kuma fi mu sanin labarin matar da ta hallaka saboda kyanwar da ta tsare da yunwa. Waɗannan biyu sun tattara dukan abin da muka faɗa: a raba mai ciwo da mai lafiya, kuma kada a zalunci dabba. Abin da zamani ya ƙara mana sani kawai shi ne, wani lokaci mai ciwon da za a raba da garken shi ne mai garken kansa. In wata annoba ta sake zuwa, jita-jita ta tashi a kan kyanwa ko kare, ku tambayi mai kawo ƙarar: wa ya fara tari a gidan? Dabba ba ta da bakin da za ta ce mai gida ne ya ba ta. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, wanda kuma ya ci moriyar kyanwa a rumbunsa, tsare lafiyarta ya hau kansa.

Allah ya kiyashe mu da dukiyoyinmu, ya ba marasa lafiya sauƙi. Haza wassalam.